Tambayoyi da Amsoshi kan Tsufan Roba Saboda Zafi da Binciken Sinadaran da Ke Cikinta

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa ne daga ɗaliban kimiyyar sinadarai, da ma'aikatan sashen duba inganci a masana'antu, da masu sayen kayan roba da yawa irin su tiyo, fambel, zoben toshe mai da tayoyi. Duk inda aka ce digiri a nan, ma'aunin Salshiyas ake nufi.

Idan aka ce roba, me ake nufi a ɗakin gwaje-gwaje?

Abin da muke kira roba a kasuwa haɗi ne na abubuwa da dama, sau da yawa goma ko fiye. Ƙashin bayansa shi ne polima, wato dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari da suka cukurkuɗe da juna kamar zaren da kaza ta tona. Robar itace tana fitowa daga madarar bishiyar Hevea brasiliensis, wadda asalinta dajin Amazon ne, yanzu kuma Tailan da Indonesiya ne kan gaba wajen nomanta, a Najeriya ma ana nomanta a Edo da Delta da Kuros Riba. Sauran kuwa a masana'anta ake ƙera su: SBR ta taya, NBR mai jure mai, EPDM mai jure rana da ruwan zafi, niyofirin, silikon, da FKM mai tsada mai jure zafi sosai.

Masu haɗa roba suna lissafi ne bisa kashi 100 na polima. Misali, a kan kashi 100 na robar itace ana iya zuba kashi 50 na baƙin kabon, kashi 5 na zink oksaid, kashi 2 na asid ɗin istiyarik, kashi 2 da rabi na farar wuta, sai ɗan abin hanzarta dahuwa da ɗan maganin tsufa, wato sinadarin da ke jinkirta lalacewarta. Baƙin kabon ɗin nan shi ne ke sa kusan kowace roba ta zama baƙa, shi ya sa ido ba ya iya raba mai kyau da ta banza.

Mene ne dafa roba, kuma ina ruwansa da tsufa?

Ɗanyar roba tana danƙo in ta ji zafi, ta sandare in ta ji sanyi. Charles Goodyear ne a Amurka ya gano a 1839 cewa idan aka gauraya ta da farar wuta aka gasa, sai ta daina wannan hali; ya samu takardar mallakar fasahar a 1844. Abin da ke faruwa shi ne farar wuta tana gina ƙananan gadoji tsakanin sarƙoƙin, ta ɗaure su su zama raga ɗaya.

Irin gadar da aka gina ita ce ke fara yanke wa roba hukuncin yadda za ta tsufa. Idan farar wuta ta yi yawa, abin hanzartawa kaɗan, gadojin sukan zama dogaye masu ƙwayoyin farar wuta da yawa a jere. Irin waɗannan suna jure lanƙwasa da miƙewa, amma zafi yana karya su da sauƙi. Idan aka rage farar wuta aka ƙara abin hanzartawa, gadojin sukan gajarta su fi jure zafi. Akwai kuma dafawa da feroksaid, inda kabon ke haɗuwa da kabon kai tsaye, ita ce ta fi duka juriya. Shi ya sa EPDM biyu masu suna ɗaya za su shiga tanda tare, ɗaya ta fito lafiya, ɗayar ta fito kamar busasshen ƙirgi.

Shin zafin ne da kansa ke lalata roba?

Galibi iskar oksijin ce ke ɓarnar, zafi zuga ta yake yi. Oksijin tana kama sarƙar polima, musamman a wuraren da kabon biyu ke riƙe da juna da ɗauri biyu, sai a samu ɓaraguzan sinadari masu kaifi da ke afka wa sarƙar da ke kusa, ita ma ta haifar da wasu. Da zarar abin ya kankama, kansa yake ciyarwa. Robar itace da SBR da NBR duk suna da irin wannan ɗauri biyu a jikin babbar sarƙarsu, EPDM kuwa ba ta da shi a can, shi ne sirrin juriyarta.

Ban da wannan, zafi yana fitar da man da aka zuba don tausasa robar, yana cinye maganin tsufa, yana kuma sauya gadojin da aka bayyana a amsar da ta gabata. Jan ƙarfe da manganis, ko da ɗan mitsitsi ne, suna ƙara wa wutar fetur. Masu sana'ar suna kiran su gubar roba.

Me ya sa wata roba ke yin danƙo in ta tsufa, wata kuma ta bushe ta yi tauri?

Abu biyu ne ke kokawa a lokaci guda: yankewar sarƙoƙi da ƙaruwar gadoji. Inda yankewa ta yi rinjaye, robar sai ta yi laushi da danƙo, kuma an fi ganin haka a robar itace da robar butil ta tiyub. Wanda ya taɓa ciro tsohuwar robar ɗaure kuɗi daga aljihun tebur ya tarar ta manne da takarda ya ga misalin da idonsa. Inda gadoji suka yi rinjaye, kamar a SBR da NBR da niyofirin, sai tauri ya ƙaru, miƙewa ta ragu, har a kai ga in an lanƙwasa ta karye.

Yaya ake gwajin tsufa a tanda?

Ƙa'idojin da aka fi bi su ne ISO 188 na hukumar ƙa'idoji ta duniya da ASTM D573 na wata ƙungiyar ƙa'idojin gwaji ta Amurka. Ana yanko samfura daga faifan roba mai kaurin milimita 2, a siffa mai faɗin kai biyu da siririn tsaka. A raba su gida biyu: kashi ɗaya a auna shi yadda yake, ɗayan a rataye shi a tanda mai zagayawar iska a wani zafi da aka zaɓa, misali digiri 70 ko 100 ko 125, na tsawon awa 70 ko 168 ko ninkin haka. In an fitar, a bar su su huta aƙalla awa 16 a zafin ɗaki kafin a auna. Zafin ɗakin da aka amince da shi digiri 23 ne, an kuma yarda da 27 a ƙasashe masu zafi.

Ƙananan abubuwa ne ke ɓata wannan gwaji. Samfuran kada su taɓa juna ko bangon tanda, kada kuma su cika fiye da kashi 10 cikin ɗari na cikinta. Iska ta riƙa sabuntawa, domin in oksijin ta ƙare tsufan ya tsaya ke nan. Kuskuren da na fi gani shi ne cusa robobi iri dabam-dabam a tanda ɗaya don a rage kuɗin lantarki. Maganin tsufa da farar wuta suna tashi daga wannan su sauka a kan waccan, sai robar banza ta ci albarkacin maƙwabciyarta ta fito da sakamakon da ba nata ba. A wurin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa kuma, dole a ajiye na'urar da ke rubuta zafin tandar dare da rana, in ba haka ba awa 70 ɗin a takarda kawai take.

Me ake aunawa kafin tanda da bayanta?

Abu uku ne na yau da kullum: ƙarfin ja kafin ta tsinke, tsawon miƙewa kafin ta tsinke, da tauri. Na farko da na biyu da injin ja ake auna su, bisa ISO 37 ko ASTM D412, yawanci a gudun milimita 500 a minti. Tauri kuma da ma'aunin Shore A, mai allurar da ke dannawa cikin robar. Zoben toshe mai na gama-gari yakan ba da 70. Ana ba da sakamakon ja da miƙewa a matsayin kashi nawa cikin ɗari suka canza, na tauri kuma a matsayin maki nawa ya hau ko ya sauka.

In za a tambaye ni wanne zan fara dubawa, miƙewa ce. Ƙarfin ja yakan yaudari mutum, domin a kwanakin farko yana iya ƙaruwa saboda dahuwar da ba ta ƙarasa ba ta ci gaba a tandar, alhali miƙewa ta riga ta fara faɗuwa.

Ga kayan toshe ɗigo akwai gwaji na huɗu, ISO 815 ko ASTM D395. A matse ɗan faifan roba mai kaurin milimita 12.5 da kashi 25 cikin ɗari, a sa a tanda a matse, a kwance, a jira minti 30, a auna. Idan ya dawo milimita 11.5 kawai, kusan kashi 32 cikin ɗari na matsin ya zauna ke nan bai dawo ba. Zoben da ya daina turo kansa waje ya daina toshewa, ko da a ido babu tsaga ko ɗaya.

Na ga haruffa kamar BG ko HK a takardar oda. Me suke nufi?

Daga tsarin ASTM D2000 suke, wanda masana'antar motoci ta fi amfani da shi. Harafin farko juriyar zafi ne: A digiri 70, B 100, C 125, D 150, E 175, F 200, G 225, H 250. Don roba ta cancanci harafi, sai ta yi awa 70 a wannan zafin ba tare da ƙarfin janta ya canza fiye da kashi 30 ba, miƙewa ba ta faɗi fiye da kashi 50 ba, tauri bai motsa fiye da maki 15 ba. Harafi na biyu yana nuna yawan kumburinta a cikin man gwaji mai suna IRM 903. BG galibi NBR ce, HK kuma FKM. A lura cewa harafin shaidar awa 70 ce kawai. Batun shekaru yana amsa ta gaba.

Awa 70 a digiri 100 daidai take da shekara nawa a wurin aiki?

Wannan ce tambayar da kowane mai saye ke so a amsa masa da lamba ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka lamba ɗaya daga gwaji ɗaya ya yi maka shaci-faɗi. Tushen lissafin shi ne ƙa'idar da Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 1889, mai cewa saurin haɗuwar sinadarai yana ƙaruwa da zafi ta hanyar ninki. Daga nan aka samo maganar da ke yawo cewa kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufa sau biyu.

Mu gwada. Daga digiri 100 zuwa 40 mataki shida ne. In ninki biyu ne, 2 sau kanta har shida 64 ne, awa 70 ta zama awa 4,480, wajen wata shida. In ninkin robarka 2.5 ne, ya zama kusan shekara biyu. In 3 ne, kusan shekara shida. Gwaji ɗaya, amsa uku, kuma ba ka san wacce ce taka ba sai ka auna.

Hanyar aunawa tana cikin ISO 11346. A zaɓi zafi aƙalla uku, a zaɓi iyakar da za a kira mutuwa, misali faɗuwar miƙewa zuwa rabi, a riƙa ciro samfura lokaci-lokaci har a ga yaushe kowane zafi ya kai iyakar. Mafi ƙarancin zafin ya kamata ya ɗauki aƙalla awa 1,000. Sai a zana logaritim na lokacin a kan ɗaya bisa zafin a ma'aunin Kelbin. In ɗigon sun hau layi miƙaƙƙe, a ja shi zuwa zafin wurin aiki. Aikin watanni ne. Gwajin awa 70 amfaninsa kwatanta haɗi biyu, ko tabbatar da cewa kayan da aka kawo wannan watan daidai suke da na watan jiya.

Me zai hana a ƙara zafin sosai a gama da wuri?

Saboda a zafi mai yawa fatar samfurin tana cinye oksijin kafin ta isa ciki. Sai waje ya ƙone ya yi ɓawo, ciki yana nan kusan sabo, alhali a wurin aiki, inda abin ke tafiya a hankali, iska tana samun lokacin ratsa ko'ina. Kenneth Gillen da Roger Clough na cibiyar bincike ta Sandia a Amurka sun yi dogon aiki a kan wannan, musamman kan rigar wayoyin lantarki na tashoshin nukiliya. Ana gane matsalar ta hanyar yanka samfurin a auna tauri daga baki zuwa tsaka. Ƙari a kan haka, zafi mai yawa yana tayar da wasu haɗe-haɗen sinadarai da ba sa faruwa a digiri 40 sam, sai layin da aka ambata a amsar da ta gabata ya lanƙwashe, kuma sau da yawa lanƙwasar tana nuna rayuwar kayan ta fi abin da aka yi hasashe gajarta.

Yaya ake sanin yawan polima da baƙin kabon da toka a cikin roba?

Da na'urar TGA, wadda sikeli ce mai matuƙar laushi a cikin ƙaramar tanda. A sa ɗan yanki mai nauyin miligiram 10 ko makamancin haka, a riƙa ƙara zafi a cikin iskar naitirojin. Kafin digiri 300, mai da sauran masu saurin tashi sun tafi. Daga nan zuwa wajen 550, polima ta watse. Sai a sauya zuwa iska mai oksijin, baƙin kabon ya ƙone. Abin da ya rage toka ce: zink oksaid, silika, yumɓu. ISO 9924 da ASTM D6370 ne suka tsara wannan.

A nan ne asirin mai ha'inci ke tonuwa. Alli ya fi polima araha nesa ba kusa ba, don haka mai son riba yakan dura shi da yawa ya bi da mai don robar ta yi laushi. A TGA alli yana nuna kansa da wani mataki na dabam sama da digiri 600, inda yake sakin kashi 44 cikin ɗari na nauyinsa a matsayin kabon dayoksaid. Sai dai NBR da niyofirin suna barin gawayin kansu idan sun watse, wanda bai ƙware ba sai ya lissafa shi cikin baƙin kabon.

Wace na'ura ce ke faɗin irin polimar?

FTIR, na'urar da ke haska samfur da hasken infirared wanda ido ba ya gani, bisa ISO 4650 ko ASTM D3677. Kowane rukunin sinadari yana shan hasken infirared a wurinsa. NBR tana da alama siririya kusa da 2,240 a ma'aunin na'urar, wadda ba a rikita ta da komai. Robar da oksijin ta ci kuma tana fito da tudu kusa da 1,720, don haka na'urar tana amfani wajen bin sawun tsufa ma. Matsalar ita ce baƙin kabon yana shanye hasken, shi ya sa akan fara wanke samfurin da asiton a cire mai, a ƙona shi a bututun gilashi ba iska, a auna ruwan da ya taru.

Inda babu na'ura akwai tsohuwar dabarar Beilstein: a gasa wayar jan ƙarfe har ta daina canza launin wuta, a dangwala a robar, a mayar cikin harshen wuta. In ya koma kore akwai kulorin ko ɗan uwansa, wato wataƙila niyofirin ce ko an gauraya filastik ɗin PVC. Silikon kuma in ta ƙone farar toka take bari. Waɗannan alamu ne na fara bincike, ba a kafa hujja da su a rikicin kwangila.

Mene ne maganin tsufa, kuma me ya sa taya ke yin ja-ja a gefe?

Sinadarai ne da ke tarar ɓaraguzan da aka bayyana a amsa ta uku, su mutu a madadin polima. TMQ na zafi ne, 6PPD kuma yana tare zafi da ozon duka, wato wani nau'in oksijin mai kaifi da ke cikin iska. An yi 6PPD ne ya riƙa naso zuwa fatar robar, kuma launin ƙasa-ƙasa da ake gani a gefen taya ragowarsa ce bayan ya yi aiki. Yawan wanke shi da fetur ko kaushin sabulu rage wa taya kariya ne. Ana auna abin da ya saura ta hanyar tatso shi da ruwan narkarwa a wuce da shi na'urar kuromatogirafi mai rarrabe sinadarai.

6PPD yana da nasa laifin. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Washington sun nuna cewa in ya haɗu da ozon yana rikiɗa zuwa wani sinadari da ruwan sama ke wankewa daga titi zuwa rafuka, yana kashe kifin salmon nau'in koho.

Tsagar da ke jikin roba, ta zafi ce ko ta wani abu?

A duba fasalinta. In tsagogin sun jeru a layi ɗaya, suna gicciye da inda robar ke miƙe, aikin ozon ne, kuma ba ya yi sai robar tana a ja. In sun watsu ta ko'ina kamar busasshen tabki a bazara, rana ce da oksijin. Gwajin ozon dabam yake da na tanda, ISO 1431 ko ASTM D1149, inda akan miƙe samfur da kashi 20 cikin ɗari a digiri 40. Roba tana iya cin gwajin tanda ta faɗi wannan. NBR ta shahara da haka.

Ita ɗanyar roba daga gona ana gwada ta da zafi?

Ana yi, da gwajin PRI na ISO 2930, mai auna yadda take jure zafi da oksijin. A auna laushin ɗan faifai, a gasa ɗan uwansa minti 30 a digiri 140, a sake aunawa, a raba na biyu da na farko a ninka da 100. A darajojin ɗanyar roba na kasuwa, TSR 10 tana bukatar aƙalla 50, TSR 20 kuma 40. Robar da aka daɗe ana shanyawa a rana, ko aka jiƙa a ruwa har kariyarta ta halitta ta wanke, ko ta taɓa jan ƙarfe, a nan take faɗuwa, farashinta ma ya faɗi.

Me duk wannan ke nufi ga taya a ƙasa mai zafi?

A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer, saboda fatar saman tana ɓallewa ana cikin gudu. Dalilan sun haɗa da ƙira da ƙarancin iska, amma an lura haɗurran sun fi yawa a jihohin kudu masu zafi. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta tashi nazarin tsufan taya, birnin Phoenix na Arizona ta je ta tattaro tsofaffin tayoyi. Iskar da ke cikin taya ita kanta tana ratsawa zuwa robar da ke riƙe da wayoyin ƙarfe, don haka tsufan yana farawa daga inda ido ba ya gani.

A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ba a maganar kwalta, lissafin ninki da aka yi a sama ba ya goyon bayanmu. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo mai kyan zane tana iya zama ta riga ta cinye maganin tsufanta, haka ma safaya da ta shekara biyar a bayan mota ba a taɓa ɗaura ta ba.

Yaya ya kamata a ajiye kayan roba a sito?

ISO 2230 ta ce ƙasa da digiri 25, cikin duhu, ba a ja ba a matse ba, nesa da injinan lantarki masu tartsatsi domin suna haifar da ozon. A irin wannan yanayi ta ba robar itace da SBR shekara 5, NBR da niyofirin da butil shekara 7, EPDM da silikon da FKM shekara 10, tare da ƙarin wa'adi in an duba an ga lafiya. Shagon kwano da ke kallon yamma, da janareta a bakin ƙofa, bai cika ko ɗaya daga sharuɗan ba, don haka waɗannan shekaru ba nasa ba ne.

Wani kayan roba ya lalace mini kafin lokaci. Me zan kai ɗakin gwaji?

Kai wanda ya lalace yadda yake, kada ka wanke shi, domin man da ya sha da dattin da ke jikinsa shaida ne. Haɗa da sabo daga kwali ɗaya in akwai, saboda kusan duk ma'aunan da ke sama kwatance ne, ba su da ma'ana in babu na asali. Rubuta zafin wurin, irin ruwa ko man da yake taɓawa, da tsawon lokacin da ya yi aiki.

Ka roƙi a fara da tauri da FTIR, su ne masu araha, kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa: an yi odar FKM an kawo NBR, ko an sa EPDM a layin dizal ta kumbura, alhali ita ta ruwan zafi ce da man birki. In polimar daidai ce, a wuce TGA a ga ko an cika alli da mai. Sai in duk waɗannan sun fito lafiya ne ya dace a biya kuɗin makonnin tanda, a sa sabon samfurin tare da na wani mai kawo kaya, kowanne a tandarsa.